Yadda Ake Kula Da Ekzima Ta Hanyar Ayurbeda: Abin Ɗauka Da Abin Taka-Tsantsan

Ekzima cuta ce ta fata mai naci, wadda takan lafa ta sake tashi, kuma wannan hali nata ne ya sa masu fama da ita, musamman iyayen yara ƙanana, ba sa rabo da neman sabon magani. Daga cikin hanyoyin da ake yawan ambata a 'yan shekarun nan akwai Ayurbeda, wato tsarin likitancin gargajiya na Indiya, wanda labarinsa yake iso mana ta intanet, ta kantunan magungunan ganye, da kuma ta bakin waɗanda suka je jinya ƙasar. Tsari ne mai gata a gidansu: tun shekarar 2014 gwamnatin Indiya ta ware ma'aikata guda, mai suna AYUSH, domin kula da shi da 'yan uwansa, ana yin digirinsa a shekara biyar da rabi, kuma a 2022 aka aza harsashin cibiyar magungunan gargajiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a garin Jamnagar na jihar Gujarat. Duk da haka, gatan hukuma ba shi ne shaidar cewa kowane abu da ke cikin tsarin yana aiki ba. Wanda yake son cin moriyarsa a kan ekzima, abin da ya fi masa shi ne ya rarrabe shawarwarin gwargwadon haɗarinsu: ya saki hannu a kan abin da ake shafawa da gyaran ɗabi'un yau da kullum, ya yi tsaka-tsaki a kan abinci, sannan ya tsananta bincike a kan duk abin da za a haɗiya.

A fara tabbatar da cutar

Ba kowane ƙaiƙayi ne ekzima ba, kuma kuskure a wannan mataki yakan ɓata duk abin da zai biyo baya. Ƙazuwa ƙwaro ne yake kawo ta, takan kama 'yan gida ɗaya, ta fi damuwa da dare, kuma tana son tsakanin yatsu. Makero da kyasbi kuwa naman gwari ne, wato ƙwayoyin cuta dangin funfuna, maganinsu daban, har ma maganin ekzima na asibiti yakan ƙara musu ƙarfi. Ekzima ba a ɗaukarta daga wani. Alamunta su ne bushewar fata da ƙaiƙayi mai tsanani. A jikin jarirai ta fi fitowa a kumatu da goshi, a jikin yaran da suka tasa kuma ta fi zama a lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa, da wuya. A baƙar fata ba lalle ne a ga jan da littattafan Turai suke kwatantawa ba. Wurin yakan yi duhu ko toka-toka, wani lokaci da ƙananan ƙuraje a gindin gashi, kuma idan susa ta daɗe sai fatar ta yi kauri ta fito da layi-layi. Sau da yawa akan sami mai asma ko mai yawan atishawa a cikin dangi. Ganin likita sau ɗaya domin a ba cutar sunanta na gaskiya ya fi watanni ana gwaje-gwaje a gida.

Abin da masanan Ayurbeda suka ce

Manyan littattafan tsarin, wato Charaka Samhita da Sushruta Samhita, masu ɗauke da sunayen malaman da ake jingina su gare su, waɗanda asalinsu ya kai kimanin shekaru 2,000, sun tara cututtukan fata a ƙarƙashin suna ɗaya, Kushtha, suka kasa su gida 18: manya 7 da ƙanana 11. Wadda masanan yau suke dangantawa da ekzima ita ce Vicharchika, kuma tana cikin ƙananan. Charaka ya siffanta ta da ƙaiƙayi, ƙuraje, duhun fata da yawan tsiyayar ruwa, Sushruta kuma ya siffanta ta da bushewa, layi-layi, zafi da ƙaiƙayi mai tsanani. Duk wanda ya zauna da mai ekzima zai gane cewa su biyun sun yi gaskiya, domin ɗaya ya kwatanta cutar a lokacin tashinta, ɗayan kuma bayan ta daɗe a jiki.

Bayaninsu game da musabbabi ya dogara ne a kan ginshiƙai uku da suke ganin suna tafiyar da jiki: Vata, mai alaƙa da iska da bushewa, Pitta, mai alaƙa da zafi, da Kapha, mai alaƙa da danshi da nauyi. Wanda ya taɓa leƙa littattafan ɗibbu ba zai ga abin baƙo ba, don kuwa ya yi kama da maganar safra'u da balgamu. A wurinsu, idan ukun nan suka rikice sai su ɓata fata, jini, tsoka da ruwan jiki, daga nan cutar ta bayyana. Babu wani gwajin ɗakin bincike da ya taɓa auna waɗannan ginshiƙai, saboda haka bai kamata a ɗauke su a matsayin hujjar kimiyya ba. Amfaninsu a aikace shi ne suna tilasta wa mai jinya ya dubi fatar kafin ya ɗora mata wani abu. Busasshiya mai tsattsagewa, wadda suke jingina wa Vata, mai take so. Mai raɗaɗi da kumburi, ta Pitta, sanyaya take so. Mai tsiyayar ruwa, ta Kapha, ba ta son a lafta mata mai mai nauyi, kuma ita ce aka fi jin tsoron shigar ƙwayoyin cuta a cikinta.

Likitancin zamani ya zo da nasa bayanin, kuma yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa wasu shawarwarin Ayurbeda suke aiki. A 2006 masu bincike a jami'ar Dundee ta Sikotlan suka nuna cewa nakasu a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadari mai suna filagirin yana ƙara haɗarin kamuwa da ekzima ƙwarai. Wannan sinadari yana cikin masu haɗa saman fata ya zama shinge. Fatar mai ekzima kamar katangar ƙasa ce da yaɓenta ya zube: danshin ciki yana ficewa, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta suna shiga, garkuwar jiki ta harzuƙa, a yi susa, susar kuma ta ƙara buɗe ɓarakar. Shi ya sa cutar take tsananta da hunturu, lokacin da iska ba ta da ko ɗigon danshi.

Shafa mai, da zaɓen man da ya dace

A nan ne Ayurbeda ta fi ƙarfi, domin shafa mai a jiki kowace rana, wanda suke kira Abhyanga, ginshiƙi ne na kula da lafiya a wurinsu, kuma ya dace da abin da likitocin fata suke nanatawa. Sai dai ba duk mai ne ɗaya ba, kuma al'adun Indiya kansu sun bambanta: mutanen Kerala a kudu man kwakwa suka fi amfani da shi, mutanen arewa da Bengal man mastad, littattafan kuma sun fi yabon man riɗi.

Man kwakwa wanda aka tatsa ba tare da dafawa ba shi ne yake da shaida mafi kyau. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Filifin, aka wallafa a 2014, an raba yara 117 masu ekzima mai sauƙi ko matsakaiciya gida biyu, aka shafa wa kashi ɗaya man kwakwa, ɗaya kashin kuma man ma'adinai, wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur, har tsawon mako 8. Ma'aunin tsananin cutar ya ragu da kimanin kashi 68 cikin 100 a ɓangaren man kwakwa, da kashi 38 a ɗaya ɓangaren. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, amma ya isa ya sa a fara da wannan mai. Man zaitun kuwa, duk da martabar da yake da ita a zukatanmu, wani ƙaramin bincike da aka yi a Sheffield ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa yawan shafa shi yana raunana shingen fata, don haka a bar shi a tukunya. Man mastad yana da yaji a fata, bai dace da wurin da ya tsage ba. Man gyaɗa da man riɗi kuma a kiyaye su a jikin jarirai masu ekzima, saboda shafa kayan abinci a fatar da ta buɗe yana iya sa jiki ya ƙi wannan abincin daga baya.

Akwai wani haɗi na gargajiya mai suna Shatadhauta Ghrita, wato tataccen man shanu da ake wanke shi da ruwan sanyi ana murzawa, ana zubar da ruwan ana sake wani, har sau ɗari, sai ya koma fari mai laushi da sanyi a fata. Ana shafa shi a wuraren da suke raɗaɗi. Babba zai iya gwada shi, amma kada a kusantar da shi ga yaron da madarar shanu take tayar masa da ƙuraje. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: wanda bai sami waɗannan ba, man kaɗe tsantsa ko basilin marar turare zai yi masa aikin toshe ɓarakar, kuma basilin ya fi yawancin mayukan tsiro riƙe danshi.

Yadda ake shafawa ya fi sunan man muhimmanci. A yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, na minti 5 zuwa 10, ba tare da soso ba. Sabulu mai ƙamshi, sabulun salo mai kaifi, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti duk suna cinye ɗan man da fatar take da shi, saboda haka a taƙaita sabulu ga hammata, matsematsi da ƙafafu. Bayan wanka a dinga danna tawul a jiki a hankali maimakon gogewa, sannan a shafa man nan take, tun fatar tana da sauran laima, ana bin inda gashi ya kwanta domin kada kafofinsa su toshe. A ɗebi man da cokali mai tsabta, kada a dinga tsoma yatsa a cikin kwalba. A maimaita aƙalla sau biyu a rana, fiye da haka da hunturu, kuma a ci gaba ko bayan fatar ta yi kyau, domin yawancin masu komawa gidan jiya a nan suke sakaci. Yaron da cutar ta mamaye jikinsa yana iya cinye giram 250 zuwa 500 na mai a mako, adadin da yakan ba iyaye mamaki. Tausa mai ƙarfi, gogar jiki da garin ganye, da surace, waɗanda duk suna cikin hidimar gidajen Ayurbeda, ba su dace da fatar da ta tashi ba, domin zafi da gumi suna kunna ƙaiƙayi.

Ganyayen da ake ɗorawa a fata

Biyu daga cikin tsirran da Ayurbeda ta fi ambata a kan cutar fata suna ƙofar gidajenmu. Darbejiya asalinta daga yankin Indiya take, a zamanin mulkin mallaka aka yaɗa ta a ƙasashenmu, kuma can suna kiranta Nimba. Tafasa ma tana da 'yar uwa ta kusa da suke kira Chakramarda, wadda suke niƙa 'ya'yanta su shafa. Na ukunsu kurkum ne. Hanyar da ta fi sauƙin haɗari ita ce a tafasa ganyen darbejiya cikin tafin hannu ɗaya a ruwa, a tace sosai, a bar shi ya huce, a sirka shi a ruwan wanka, sannan a bi da mai, domin ruwan ganyen yana busar da fata. Shaidar cewa yana warkar da ekzima ba ta da ƙarfi, kuma akwai waɗanda yake ƙara musu ƙaiƙayi. Ƙullin kurkum ma haka yake, ga kuma rina tufafi.

Ƙa'idar da ba a tsallakewa ita ce gwaji: a shafa ɗan kaɗan a lafiyayyar fata ta cikin dantse, sau biyu a rana na 'yan kwanaki, a ga ko wurin zai yi ƙaiƙayi ko kumburi. Kada a fara abu biyu a lokaci guda, don in an sami matsala a san mai laifi. Kada a ɗora ganye a wurin da yake tsiyaya ko ya fashe, ko a fuskar jariri. Man darbejiya kuwa ba a shan sa ko kaɗan, domin a Indiya da Malesiya an sami yara ƙanana da suka shiga farfaɗiya da suma bayan an ɗura musu shi.

Abinci da tsarin rayuwa

Charaka ya jera abubuwan da yake ganin suna haddasa cutar fata: haɗa abincin da ba sa jituwa, wanda misalinsa mafi shahara shi ne kifi da madara, yawan tsami da gishiri, kindirmo, riɗi, mazarƙwaila da sabon hatsi, ƙara abinci a kan wanda bai narke ba, shiga ruwan sanyi nan take bayan an sha rana ko an gaji, da barcin rana. A madadinsu ya yi nuni da abinci marar nauyi, tsohon hatsi irin su sha'ir, alkama da shinkafa, koren waken nan na Indiya, da ganyaye masu ɗaci, kamar wanda suke kira karela, ɗan uwan garahuninmu.

Babba zai iya rage yaji, soye-soye da kayan zaƙi, ya tsara lokutan cin abincinsa, ba tare da ya yi asarar komai ba. Amma babu shaidar cewa haɗa kifi da madara yana kawo ekzima, kuma hana barcin rana ba shi da ma'ana ga wanda susa ta hana shi runtsawa da dare. Haɗarin gaske yana wajen yara. An sha ganin yaron da aka yanke masa madara, ƙwai, kifi da gyaɗa a lokaci ɗaya, fatar ba ta gyaru ba, ga rama ta shigo. Kuma daɗewa ba a ba yaro wani abinci ba yana iya sa jikinsa ya ƙi abincin da ƙarfi ranar da aka dawo da shi. Wanda yake zargin wani abinci ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abin da aka ci da halin da fata ta kwana, idan zargin ya tsaya a kan abu ɗaya sai ya kai wa likita. Kumburin leɓe, amai ko sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan cin abinci kuwa maganar asibiti ce ta gaggawa. Sauran shawarwarin ba su da gardama: tufafin auduga masu sakewa, wanke sabon kaya kafin a sa, ɗauraye wanki sosai, yanke farce, nisantar turaren wuta a ɗakin kwana, da duk abin da zai kwantar da hankali, domin damuwa tana tayar da cutar.

Abin da ake haɗiya, da wankin jiki

Ga masanin Ayurbeda, ainihin jinyar Vicharchika daga ciki take farawa. Charaka ya ce a shayar da mai rinjayen Vata man shanu, a sa mai rinjayen Kapha amai, mai rinjayen Pitta kuma a wanke masa ciki a kuma fitar masa da jini, wanda akan yi da matsattsaku. Waɗannan suna cikin jinyar da ake kira Panchakarma, wadda asibitoci irin su Arya Vaidya Sala na Kottakkal, da aka kafa a Kerala a 1902, suke yi wa majinyatan da aka kwantar ana lura da su. Ba aikin gida ba ne. Amai da gudawa na ganganci suna ƙarar da ruwan jiki, ba su dace da yara, masu juna biyu, tsofaffi, ko masu ciwon zuciya, ƙoda ko sukari ba, kuma cizon matsattsaku yana iya shigar da ƙwayoyin cuta ta fatar da dama can ba ta da kariya. Har yanzu ba a yi manyan gwaje-gwajen da suka tabbatar da amfaninsu a kan ekzima ba.

Magungunan sha, irin su Khadirarishta, Mahatiktaka Ghrita da haɗe-haɗen Manjishtha, su ma suna bukatar ido biyu. Na farkon jiƙo ne da ake bari ya tsima, don haka yana ɗauke da barasa, abin da ya kamata mai saye ya sani. Wani reshe na tsarin, mai suna Rasa Shastra, da gangan yake sa ƙarafa a magani. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masu bincike a Boston ta Amurka sun auna magungunan Ayurbeda 70 da aka saya a kantuna, suka sami dalma, zaiba ko gubar asinik a cikin 14. A wani da aka wallafa a 2008 sun auna 193 da aka saya ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar, kuma a magungunan wancan reshe adadin ya kai kimanin kashi 40 cikin 100. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Ko tsantsar ganye ma ba a rasa matsala: a 2021 likitoci a Mumbai ta Indiya sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shan wani tsiro mai suna Giloy, kuma an san wani tsiron, Bakuchi, da irin wannan illa.

Saboda haka wanda ya ƙudurta shan wani abu ya nemi wanda yake da digirin Ayurbeda, wato BAMS, da rajista, ya bukaci a rubuta masa sunan kowane magani da abin da ke cikinsa, ya ƙi duk wanda sunansa yake ɗauke da kalmar Bhasma ko Rasa, domin irinsu sukan ƙunshi ƙarafa, ya duba lambar NAFDAC idan a Nijeriya ya saya, sannan ya sanar da likitansa domin a duba hanta da ƙoda. Ƙullin gari marar suna, ko man shafawa "na ganye" da yake share ƙuraje cikin kwana biyu, abin zargi ne, domin an sha kama irinsu da sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin asibiti na rage kumburi, a ɓoye. Yara ƙanana da masu shayarwa kada a ba su komai daga wannan rukuni.

Idan cutar ta tashi

Mai yana rage yawan tashin ekzima, amma ba ya kashe ta idan ta riga ta kama da ƙarfi. A wannan lokaci man sitiroyid da likita ya rubuta shi ne magani, kuma tsoron da ake yi masa ya samo asali ne daga amfani da mai ƙarfi na tsawon watanni ba da umarni ba, kamar yadda ake yi da mayukan bilicin da masu haɗin magani uku. Ma'auninsa shi ne abin da aka matso daga kan ɗan yatsa manuni na babba zuwa gaɓar farko, wanda yake isar faɗin tafin hannu biyu. A shafa shi a wurin da ya tashi kaɗai, na kwanakin da aka ƙayyade, a bar tazarar kimanin rabin awa tsakaninsa da man kwakwa ko basilin. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi yana rage ƙaiƙayin dare. Duhu ko hasken da yake saura a wurin bayan an warke tabo ne na kumburi, yakan ɗauki watanni kafin ya baje, kuma ba a bin sa da man bilicin.

A ajiye duk wani ganye a nufi asibiti a ranar idan aka ga ɓawo mai launin zuma, mugunya, kumburi mai zafi da yake yaɗuwa, ko zazzaɓi. Haka kuma idan ƙananan ƙuraje masu ruwa, iri ɗaya, masu zafi, suka fito a tare suna fashewa suna barin ramuka, musamman a fuska ko kusa da ido, domin wannan alama ce ta ƙwayar cutar hapis, wadda take yaɗuwa da sauri a fatar mai ekzima kuma take bukatar maganinta na musamman cikin gaggawa.